San Malam Khalilu da Takardar Ɗanliti

Idan ka shigo ƙauyenmu ta hanyar Zakirai ka tambayi gidan Ɗanliti, sai an ce maka wane Ɗanlitin, domin har uku gare mu. Amma da ka ce mai inshora, za a nuna maka ƙofar langa-langa mai shuɗin fenti kusa da rijiya. Taubashina ne, ɗan gwaggona, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba wanda ya isa ya ce gulma nake. Ni sunana Nababa, mahauci ɗan mahauci, kuma gara in gaya maka tun yanzu cewa akwai hannuna dumu-dumu a cikin labarin nan.

Ɗanliti ya yi boko, ba laifi. Ya je birni ya samo difloma, ya dawo ya yi shekara uku yana rubuta takardun neman aiki har yatsansa ya yi kanta. Ya ɗan koyar a wata makarantar kuɗi, inda albashin ko kuɗin mota bai isa ba. Rannan ya ji a rediyo wani kamfanin inshora na birni yana neman wakilai a karkara. Ya wanke rigarsa ɗaya tilo mai kyau, ya tafi, ya dawo da jaka baƙa da kati rataye a wuya.

Na ce masa, "To ranka ya daɗe, nawa ne albashin?"

Ya ce, "Babu albashi. Kamasho ne. Duk wanda na shigar, ina da kaso a cikin abin da ya biya."

Na yi dariya har da buga cinya. "Ashe duk karatun nan dillali za ka zama! Ai da ka zo kara, kasuwar shanu, na haɗa ka da masu la'ada tun tuni, ba sai gwaggo ta sayar da tumakinta ba."

"Dillali abin da ake gani yake sayarwa," in ji shi. "Ni kuwa abin da ba a fata nake tallatawa. Nawa ya fi wuya, jahili kawai."

Gaskiya ya faɗa, ban da zagin. Aikinsa shi ne ya zauna da mutum ya rarrashe shi ya riƙa biyan wani ɗan abu duk shekara, domin in sansa ya mutu, ko rumbunsa ya kama da wuta, ko shagonsa ya ƙone, kamfani ya biya shi asarar. In dabba ce, sai ya ɗaura mata ɗan kunne na roba mai lamba, ya ɗauki hotonta da waya, mai ita ya dangwala hannu a takarda. Ka ji dai abu mai sauƙi a baki. Amma je ka gaya wa Bakano cewa sansa zai iya mutuwa bana, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Daɗin aikin, a faɗarsa, ba shi da ubangida a kansa. Ba mai duba agogo ya ce ya makara. Da damina sai ya yi nomansa da safe, gonarsa biyu ƙanana da ɗan fegin gyaɗa, in rana ta yi ya yi wanka ya ɗauki jaka. Da kaka kuwa, lokacin da manomi ya sayar da waken suya da ridi aljihu ya yi nauyi, wata ɗaya Ɗanliti kan samu abin da malamin makaranta ba ya gani a wata uku. A irin wannan kaka ya sayi babur, ya yi wa ɗakin matarsa Furera rufin kwano. Ga kuma jama'a. Daga nan har Gezawa ba gidan da bai san zaurensa ba. Ya san wa ke da tinkiya mai ciki, wa ya sayar da jaki, wa ke shirin aurar da 'ya. Har nakan ce masa ya fi mai unguwa sanin unguwa.

Wuyar kuma, ai ba a magana. Wata ya ƙare ba ka shigar da kowa ba, to ka sha ruwa ka kwanta. Man babur kai za ka saya, katin waya kai za ka saka. Mutum sai ya sa ka zo sau tara, ya ba ka fura, ya yaba maganarka, ran na goma ya ce sai ya yi shawara da yayansa da ke Legas. Akwai lokacin da in Ɗanliti ya doso majalisa sai ka ga kowa ya tuna yana da uzuri. 'Yan uwa ma suna gudun sa. Ni kaina na sha ɓuya a bayan rumfa.

Sai ga shekarun nan masu zafi sun shigo. Aka yi canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace kamar an share. Ba mu gama farfaɗowa ba fetur ya tashi, masara ta bi shi, taki ya zama sai dai kallo. Ɗanliti ya jingine babur a zaure ya rufe shi da buhu, ya gyara tsohon keken mahaifinsa. Mutumin da bai san me zai ci da dare ba, ta ina za ka fara ce masa ya biya kuɗin tsoron baɗi? Ya rame, wallahi, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ga Furera da ƙaramin ciki.

A wannan lokacin ne ya maƙale wa Malam Khalilu.

Malam Khalilu dattijo ne mai shanun huɗa guda biyu, farare, ƙosassu. Da su yake noma gonarsa, da su yake yi wa mutane huɗa a biya shi, da su yake ci da iyali goma sha huɗu. Ba mai kuɗi ba ne, amma mutum ne da maganarsa ke da nauyi. In ya ce iri kaza ya fi, shi kowa zai shuka. In ya ce kada a yarda da wane, to wane ya kaɗe. Ɗanliti ya san in ya samu Malam, ya samu garin.

Da farko Malam korar sa ya yi. Ya ce wannan ja da ƙaddara ne. Ɗanliti bai yi fushi ba. Ya koma, ya sake komawa. Ya yi masa bayani cewa abin tamkar taimakekeniya ne, mutane da yawa su zuba kaɗan-kaɗan, wanda tsautsayi ya faɗa wa a tallafe shi. Ya taya shi yankan harawa, ya raka shi kasuwa, ya zauna ya saurari labarin shanun da Malam ya taɓa riƙewa tun na zamanin samartaka. Wata bakwai cur. Rannan da yamma Malam ya ce, "Kawo takardar taka. Ba kamfaninka na yarda da shi ba, ban san su ba. Kai na yarda da kai."

Ya dangwala hannu. Kafin sati biyu mutum goma sha ɗaya sun bi sahu. Da kamashon nan aka yi sunan 'yar Ɗanliti, har da rago, ni na feɗe shi kyauta ina tsokanarsa cewa ragon ya fi shi nama.

Damina ta kama. An yi ruwa na biyu, ƙasa ta jiƙu, kowa yana shirin huɗa. Da hantsi ina rumfa ina wasa wuƙa sai na hango Malam Khalilu a guje, ba hula, ba takalmi. Tunda nake ban taɓa ganin dattijon nan yana gudu ba.

"Nababa! Wuƙa! Yi sauri, san zai tafi!"

Ashe ɗaya daga cikin shanun ne ya tsinke igiya da asuba ya faɗa wata gona ya ci gyauron dawa. Kowa ya san sabon tohon dawa guba ne ga shanu. Na same shi kwance a bayan gida, ciki ya kumbura kamar ganga, kumfa na fita ta baki, ido ya juye. An ɗura masa man gyaɗa, an ɗura kanwa, a banza. Mata suna salati daga cikin gida.

To ni me zan tsaya jira? Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake yi. Dabba in za ta tafi, riga ta ake yi da wuƙa kafin ta zama mushe. In ta mutu da kanta an yi asara biyu, ba sa, ba nama. Aka juya shi gabas, na yi bisimilla, na yanka. Jini ya fito da ƙarfi, ƙafa ta motsa, kowa ya ce alhamdu lillahi, an samu.

Daga nan sai al'adarmu ta gari. In irin wannan ta faɗa wa mutum, ba a barin sa shi kaɗai. Aka yi shela, aka kasa naman watanda, kowane gida ya ɗauki kashi ya ba da abin da ya sawwaƙa don a rage wa mai shi zafi. Duk da halin da ake ciki, ba gidan da bai aiko da kwano ba. Kafin azahar an gama. Ni aka ba ni kai da ƙafafu ladan aikina, na aika wa matata Rahmatu ta babbake. Na ji daɗin kaina ranar, ba zan ɓoye ba. Na ce na yi aikin lada.

Malam ya sa an kira Ɗanliti a waya, ba ta shiga, domin ya tafi can wajen Gezawa kuma cajinsa ya ƙare. Ba wanda ya damu. Malam ma cewa ya yi, "Ba komai, in ya dawo ma gaya masa. Ai akwai takarda."

Bayan azahar ina wanke tebur sai ga shi ya faɗo da keke, gumi sharkaf. Wani ya tare shi a hanya ya ba shi labari.

"Nababa, ina san?"

Na ce, "Wane ɓangaren kake so? Cinya tana gidan liman, hanta tana gidan mai unguwa."

Bai yi dariya ba. "Likitan dabbobi ya gan shi?"

"Wane likita? Sa yana shure-shure zan tafi neman likita?"

"An ɗauki hoto kafin a yanka?"

"Kai, ɗan gwaggo, da hannu nawa gare ni?"

"Kan fa? Ina kan? Ina ɗan kunnen?"

Muka ruga gidana tare. Muka tarar Rahmatu ta gama babbaka tana kankarewa. Kunnen yana nan, amma robar ta narke ta zama wani baƙin dunƙule, ba lamba ba alamarta. Ɗanliti ya karɓa ya jujjuya a tafin hannu. Sai ya nemi ƙasa ya zauna a tsakar gidan, da rigar aikinsa da komai.

Nan ya gaya mini. Ashe a bayan takardar akwai sharaɗi cikin ƙananan rubutu. In dabba ta kamu da ciwo, ba a yanka ta sai likita ya gani ya rubuta. In ta mutu, a bar gawar sai an zo an duba lamba. In ba haka ba, kamfani ba ya biya.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wane irin mutum ne ya rubuta wannan? Musulmi ya zuba ido sansa ya zama mushe saboda takarda? To kai ka gaya wa Malam haka?"

Ya ci gaba da jujjuya robar a hannu.

"Ɗanliti, magana nake. Ka karanta masa?"

"Na gani," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ranar da zai dangwala hannu na zo daidai wurin. Na san in na karanta zai ce a'a. Furera tana gab da haihuwa, ba ƙwaya a gidan. Sai na tsallake. Na ce a raina shanun lafiyayyu ne, ba abin da zai faru."

Na tsaya ina kallon sa. Na so in zage shi, bakina ya ƙi. Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji tsoro, domin na san abin da ke gaba. In kamfani bai biya Malam Khalilu ba, maganar Ɗanliti ta mutu a garin nan, kuma mai sana'ar kamasho ba shi da jari sai maganarsa.

Ya yi ƙoƙari, wannan kam na shaida. Sau huɗu yana zuwa birni, kuɗin motar ma sai da ya sayar da buhun gyaɗar iri. Ya tafi da fatar san, ya tafi da narkakkiyar robar a ƙulle cikin leda, ya tafi da takarda daga mai unguwa. Zuwa na uku ni na raka shi. Muka samu jami'in da ke duba irin wannan, wani Abdulƙadir, mutum mai fara'a, har ruwan sanyi ya ba mu. Ya saurare mu tsaf.

Ya ce, "Ban ce ƙarya kuke ba. Amma ta yaya zan bambance san da aka yanka don ciwo da wanda aka yanka don a sayar da nama a zo a karɓi kuɗinmu?"

Na ce, "Yallaɓai, muna da shaidu sun fi arba'in!"

Ya ce, "Su nawa ne a cikinsu ba su ci naman ba?"

Muka tashi muka dawo gida. A zuwa na huɗu aka ba Ɗanliti amsa a rubuce. Ba za a biya ba.

Da ya dawo na ja shi gefe. Na ce, "Saurara. Ba wanda ya san ka tsallake wani layi sai ni da kai. Ka ce mutanen birni ne suka yi halinsu, kowa zai yarda. Ko kuma ka ɗora mini. Ka ce Nababa ne ya yi gaggawar wuƙa. Ni mahauci ne, zagi ba ya kama jikina, gobe ma za su zo sayen tsire."

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "In na ce kamfani macuta ne, gobe da wane baki zan sayar da kayansu? In na ce kai ne, kai abin da aka saba ka yi." Ya ninke ta ya sa a aljihu. "Kuma mutumin nan cewa ya yi da ni ya yarda."

Bayan la'asar ya tafi zauren Malam. Labari ya riga ya zaga, mutum goma sha ɗayan nan duk suna wurin, da wasu 'yan jin ƙwaƙwaf. Na zauna daga bakin ƙofa. Ɗanliti ya durƙusa ya gaida Malam, ya faɗi amsar kamfani. Hayaniya ta tashi, ana Allah ya isa, ana ai dama mun faɗa. Sai ya ɗaga hannu.

"Baba, ba kamfani ne ya cuce ka ba. Sharaɗin yana cikin takardar tun ranar farko. Na gan shi, na ƙi karanta maka, saboda ina tsoron kada ka fasa in rasa kamashona. Ni na cuce ka. Ku ma da kuke zaune, duk ban karanta muku ba."

Malam Khalilu ya dube shi, ya daɗe yana duban sa. Bai yi faɗa ba, bai yi zagi ba, wallahi da ya yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi, "To. Na ji." Ya miƙe ya shige gida.

Makonnin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Ba wanda ya tare shi da mugun baki, mutanenmu ba haka suke ba. Amma gaisuwa ta gajarce. In ya yi sallama a zaure sai a ce mai gidan ba ya nan, alhali ga takalminsa. Labari ya tsallaka ƙauyukan kewaye. Wata biyu bai shigar da ko akuya ba. Furera ta ce ya ajiye jakar nan ya koma neman koyarwa. Ya ce ta bari a ga kaka, lokacin da mutane za su sabunta takardunsu. In ba wanda ya sabunta, shi da kansa zai mai da wa kamfani jakarsu.

Amma kafin kaka akwai damina, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. Kuɗin watanda ko rabin ɗan maraƙi ba za su saya ba a wannan tsadar. Gonar Malam tana zaune ba huɗa, ana ta ruwa. Nan yawon Ɗanliti ya yi rana. Ya tuna da wani Shago, can unguwar Kiristoci da ke bayan fadama, wanda ya sayar da sa ɗaya ya sayi hatsi, ya rage masa ɗaya yana zaune yana cin harawa a banza. Ya hau keke ya je ya same shi. Washegari sai ga Shago ya jawo baƙin sansa har ƙofar gidan Malam. Aka shirya, kwana biyu a gonar wannan, kwana biyu a gonar wancan, abin da aka samu na huɗar mutane a raba.

Ranar farko abin dariya ne. Farin yana ja gabas, baƙin yana ja arewa, kunya ta fito a karkace kamar tafiyar maciji. Shago yana ihu, Malam yana salati. Kafin sati suka saba. Ɗanliti kuwa kullum da safe yana can yana riƙe igiya, ba wanda ya sa shi. Malam bai kore shi ba, bai kuma ce masa sannu ba. Ina lura da su daga nesa, abin yana ci mini rai.

Ni ma na ɗauki darasi nawa. Na sa an koya mini ɗaukar hoto da waya, na adana lambar likitan dabbobi. Yanzu in aka kira ni da gudu, kafin in zaro wuƙa sai na leƙa kunne tukuna. Mutane suna mini dariya, suna cewa Nababa ya zama ma'aikacin kamfani.

Allah ya ba da damina mai kyau. Gero ya yi, dawa ta yi, aka cika rumbuna. Lokacin sabuntawa ya zo, kuma duk garin ido ya koma kan mutum ɗaya. Goma sha ɗayan nan ba wanda ya motsa. Kowa yana jiran ya ga abin da Malam zai yi. Sati ɗaya, sati biyu, shiru. Ɗanliti ya goge jakar, ya haɗa katin wuyan da sauran takardu, ya ce mini ranar Litinin zai kai wa kamfani kayansu.

Ranar Asabar da hantsi Malam ya aiko a kira shi, ya ce ya zo da jaka. Na rufe rumfa na bi shi, don ba za a yi wannan ba ni ba. Muka tarar da zauren a cike, har Shago yana nan. Malam yana zaune a kan buzu, ga kuɗi a ƙulle cikin hankici a gabansa.

Ya ce, "Zauna. San da ya rage nake so a yi wa takarda. Amma karanta mini ita duka. Gaba da baya, manya da ƙanana."

Na zunguri Ɗanliti da gwiwa, ban ma san me nake nufi ba. Ya buɗe takardar ya fara. Yana karantawa yana fassarawa, layi bayan layi, ba sauri. Ya zo kan sharaɗin. Bai rage ko kalma ba. Har ya ƙara da cewa, "Wato Baba, in ya faɗi kamar wancan, likita bai iso ba, ka sa aka yanka, ba za su biya ba. Ko sisi."

Malam ya gyaɗa kai. Ya sa hannu ya ɗauki hankicin ya mayar aljihu.

"To ba zan yi ba," in ji shi. "Ni ko gobe san nan ya faɗi, Nababa zan kira. Ba zan tsaya kallon sa yana zama mushe ba."

Na ce shi ke nan, an gama. Ɗanliti ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Allah ya tsare shi." Ya fara mai da takardu cikin jaka.

"Ina za ka?" in ji Malam. "Na sallame ka ne? A cikin jakar nan taka, ba ka da wadda ba ruwanta da wuƙa?"

Ɗanliti ya ɗago. "Akwai ta gobara, Baba. Ta rumbu."

"Rumbuna uku ne, duk a cike, kuma ga murhun mata a kusa. Ciro ta. Ita ma karanta mini duka."

Ya ciro ya karanta. Ta fi waccan tsawo, har da batun tazarar murhu da rumbu, har sai da Malam ya ce to a gusar da murhun yau. Da aka gama ya sake fito da hankicin, ya kwance, ya miƙa babban yatsansa aka shafa masa tawada. Kafin ya dangwala sai ya juya wajen mutanen da ke zaune.

"Kun dai ji da kunnenku. Wanda zai iya jiran likita ya yi wa sansa, wanda ba zai iya ba ya bari. Amma abin da yaron nan ya karanta muku, shi ne a ciki."

Ya dangwala. Shago ya matso ya ce shi a karanta masa ta shanun tun daga farko, bai ji sosai ba. Wani daga baya ya ce in an gama da Shago shi ne. Ɗanliti ya sunkuyar da kai yana neman takardar a jaka, ya daɗe yana nema, alhali tana hannunsa. Na ga ɗigon ruwa ya faɗo a kanta, ya yi maza ya share da hannun riga kada tawada ta ɓaci.

Ya gyara murya, ya soma daga layin farko.